DAJIN DA KUKE CEWA BA KOWA, DA MASU SHI

Ku yi haƙuri da ni, yau rubutun da ɗan tsawo. Mai sauri ya ajiye shi sai dare, don ba na so mutum ya karanta rabi ya zo yana zagina a kan abin da na riga na amsa a ƙasa.

Waɗanda suka daɗe da ni a shafin nan sun san sana'ata. Bakanike ne ni a garin Adelaide, jihar Ostireliya ta Kudu, shekara goma sha ɗaya ke nan. A Ƙofar Ruwa na fara riƙe sufana ina yaro, yanzu kuma abincina yana jikin manyan motocin shiga daji, su Land Cruiser da Patrol da Hilux, masu ja da ƙafa huɗu. Mu ne muke ɗaga su sama, mu ƙara musu tankin mai na biyu, mu ɗaura musu ƙarfen gaba da tantin kwana a kan rufi. Duk mai niyyar shiga hamada sai ya biyo ta wajen irinmu. Saboda haka abin da zan faɗa yau, akushina nake taɓawa, kuma ina sane.

Ni ma ina zuwa dajin, kun sha ganin hotuna. Duk lokacin da na ɗora sai wani ya ce, "Malam, ka gudu daga rashin wuta da ruwan famfo, ka je ƙasar Turawa, sannan ka biya kuɗi don ka kwana inda ba wuta ba ruwa?" Gaskiyarku, abin da ban dariya. Amma wanda bai taɓa kwana a tsakiyar yashi ba, ya kashe inji, ya ji shirun da har bugun zuciyarsa yake ji, ba zai gane ba. Ina son abin nan ƙwarai. Don ina son sa ne ma raina yake a ɓace.

Ga abin da ya tayar da maganar.

A farkon shekarar 2025 gwamnatin jiharmu ta fitar da sabon tsari a kan wani ƙaton tafkin gishiri mai suna Kati Thanda, wanda Turawa suka raɗa wa Lake Eyre. Shi ne tafki mafi girma a ƙasar, amma yawancin shekaru ba ruwa a cikinsa, sai farin gishiri iyakar ganinka. Tsarin ya ce daga yanzu ba mai hawa kansa, ko da ƙafa, ko da mota, ko da kwalekwale idan ya kawo ruwa, sai da izini. Kana iya tsayawa a bakinsa ka kalla, kana iya hawa ƙaramin jirgi ka gan shi ta sama. Dalili biyu aka bayar. Na ɗaya, wurin yana da alfarma a wajen mutanen Arabana, 'yan asalin yankin, waɗanda kotu ta tabbatar musu da haƙƙin ƙasarsu a 2012. Na biyu, gishirin mayaudari ne: sama tauri, ƙasa taɓo.

Tun daga ranar wasu masu manyan motoci suka hana kowa sakat. "Ana kulle mana ƙasarmu." "Mu ma muna biyan haraji." "Gobe kuma ina za a rufe?" Makon jiya wani abokin cinikina, wanda muka ci tare muka sha tare, ya turo mini irin wannan rubutun, wai in sa hannu, in kuma yaɗa wa "mutanena". To ga shi ina yaɗawa, amma ba yadda ya so ba. Kuma kada wani ya ce da bayan idonsa nake yi, ranar Asabar na faɗa masa baki da baki a gareji.

Bari in ba ku labarin mutumin, don ku san wane ne yake kukan an danne masa haƙƙi.

A watan Yulin bara, lokacin sanyinmu a nan, muka tsallaka hamadar Simpson da mota uku: ni, da wani dattijo da ya yi ritaya wanda ya daɗe yana wannan yawo, da shi wannan mutumin da sabuwar motarsa da ni na haɗa masa da hannuna. Daga Mount Dare, inda ake shan mai na ƙarshe, zuwa Birdsville kimanin kilomita 500 ne. Ba gidan mai, ba famfo, ba sabis ɗin waya. Tudun jan yashi sama da 1,100 ne a jere, ka hau wannan ka gangara, ka hau wancan, kwana huɗu kana abu ɗaya. Doka ta ce kowace mota ta kafa doguwar tuta mai ƙyalli, don wanda yake tahowa ta bayan tudu ya hango ka, kuma kowa ya buɗe oba-obarsa a kan tasha ta 10.

Abu na farko da ake koya wa ɗan koyo shi ne ya sassauta iskar taya. In taya ta yi laushi sai ta baje a kan yashi kamar tafin raƙumi, mota ta hau tudu a hankali ba ihu. Mutumin nan ya ƙi. Wai shi injinsa ya fi ƙarfin yashi. Duk tudun da ya zo sai ya ja baya, ya taka totur har ƙasa, taya tana haƙa tana watso yashi. Yana wucewa ya bar ramuka, wanda yake bayansa ya shiga yana tsalle, kayan mota suna karyewa. Rabin motocin da ake kawo mana da karyayyen sifirin, irin wannan ramin ne ya ci su, kuma wanda ya haƙa ramin yana gidansa yana ɗora bidiyo.

Rana ta uku, kusa da Poeppel Corner inda iyakar jihohi biyu da yankin Arewa suka haɗu, akwai wani faƙo na gishiri. Hanya a fili take, sawu biyu, kowa yana bi. Sai kawai muka ga ya karkata ya hau tsakiyar farin, yana zagaye yana zana da'ira, matarsa tana ɗauka da waya. Zagaye na uku gishirin ya fashe, mota ta nutse har ciki. Wallahi awa bakwai muka yi muna haƙa da shebur a cikin baƙin taɓo mai wari. Muka ƙona man da muka lissafa zai kai mu Birdsville wajen jan sa, igiyar dattijon nan ta tsinke, saura kaɗan ta tafi da fuskata. Da muka fito, na waiwaya na ga abin da muka bari: wani baƙin tabo a tsakiyar fari, wanda sai an yi babban ruwa zai shafe, kuma a can babban ruwa ba kowace shekara ake yi ba.

Da daddare dattijon ya yi masa magana cikin lalama. Amsar da ya bayar ita ce ta tsaya mini a wuya har yau. Ya ce, "Wa na cuta? Duba ko'ina, ba kowa a nan. Ba na kowa ba ne."

Washegari da safe na ɗan zaga bayan tudu, sai ƙafata ta taɓa wani abu a cikin yashi. Dutse ne, faffaɗa, tsakiyarsa ya lotsa ya yi sumul. Ban buƙaci wani farfesa ya gaya mini ko mene ne ba. Dutsen niƙa ne. Irinsa kakata take durƙusawa a kai a Damagaram tana niƙa gero, har gwiwarta ta yi kanta. Kuma a cikin wannan yashin ba a samun dutse, ko ɗan tsakuwar jifa sai ka wahala. Wato wani ne, ko wata, ya ɗauko shi a ka daga nesa, tafiyar kwanaki, ya kawo shi inda iyalinsa suke zama. Shekara nawa aka yi ana goga shi kafin ya lotsa haka?

Na kira su su gani. Wannan shi ne kuskurena na farko. Mutumin ya ɗaga shi ya juya, ya ce zai yi kyau a falonsa, ya naɗe shi a tawul ya tura ƙarƙashin kujera. Dattijon ya ce masa ya mayar, dokar jihar ta 1988 ta hana ɗaukar kayan tarihin 'yan asalin ƙasa. Ya yi dariya. Ni kuwa na yi shiru. Wannan shi ne kuskurena na biyu, kuma ya fi na farko muni. Na ce a raina, ni baƙo ne, shi kuma mai kawo mini aiki ne, me ya yi mini zafi? Shekara ɗaya da 'yan watanni ke nan shirun nan yana cin raina.

To, wannan mutumin ne yau yake cewa in taya shi kuka an hana shi hawa tafkin Arabana.

Bari mu ɗauki hujjojinsu ɗaya bayan ɗaya.

Sun ce dajin ba kowa. Wannan magana ba sabuwa ba ce, ita ce tsohuwar ƙaryar da aka gina mulkin mallakar ƙasar a kanta. Turawan Ingila sun ɗauki ƙasar a matsayin wadda ba ta da mai ita, aka yi sama da shekara ɗari biyu ana tafiya a haka, sai a 1992 babbar kotun ƙasar ta rushe wannan da'awa a shari'ar Mabo. Hamadar da muka tsallaka tana da sunanta tun kafin a haifi kakan Simpson: Munga-Thirri. Mutanen Wangkangurru sun rayu a tsakiyarta, suna shan ruwa daga wasu rijiyoyi da suka haƙa a tsakanin tuddai da suke kira mikiri, har wajajen shekarar 1900 da suka fito. Jikokinsu suna nan a Birdsville da sauran garuruwan gefen hamadar, wasunsu ma su ne masu gadin gandun. Kuma kada ku ɗauka duk labarin zamanin da ne. A 1984, lokacin Buhari yana mulkin soja a gida, wasu mutum tara 'yan gida ɗaya daga ƙabilar Pintupi suka fito daga hamadar yamma, ba su taɓa zama da Bature ba. Wanda bai iya karatu ba, in ya ga allo sai ya ce katako ne. Haka mai mota yake ganin hamada: shi yashi yake gani, masu wurin suna ganin rijiya, da maƙabarta, da hanyar kakanni.

Sun ce hanyoyin nan gadon jarumtakar magabatansu ne, alamar 'yanci. To mu duba wa ya yi hanyoyin, kuma don me. Hanyar da muka bi a Simpson, French Line, kamfanin Faransa mai neman man fetur ne ya sa aka datsa ta a farkon shekarun 1960. Manyan hanyoyin hamadar yamma da Len Beadell ya buɗe, irin su Gunbarrel, an yi su ne don gwajin rokoki da makaman Ingila. Ɗaya daga cikinsu tana bi ta Emu Field, inda aka tayar da bam ɗin nukiliya a 1953, kafin a koma Maralinga a 1956, aka kwashe mutanen wurin daga ƙasarsu.

Sai kuma uwar hanyoyin, wadda duk mai irin wannan mota yake mafarkin bi: burtalin Canning a Ostireliya ta Yamma. Eh, burtali ne sak irin namu, don koro shanu aka yi shi. Kilomita kusan 1,850 daga Wiluna zuwa yankin Halls Creek, da rijiyoyi 51. Alfred Canning ya fara auna shi a 1906, aka gama rijiyoyin a 1910. Ta yaya baƙo ya san inda ruwa yake a hamadar da bai taɓa takawa ba? Kama mazan wurin yake yi ya ɗaura musu sarƙa a wuya, su kai shi inda suke shan ruwa. Kukunsa ne ya tona, aka kafa kwamitin bincike a 1908, maganar sarƙa ta tabbata, amma aka wanke shi tas. Aka gina rijiyoyin a kan ruwan mutane ko a gefensa. Garken shanu na ƙarshe ya bi burtalin a 1959. Yau jikokin waɗanda aka ɗaure, mutanen Martu da maƙwabtansu, suna cewa in za ka bi ka yanki takardar izini, ka tsaya a kan hanya, kuma akwai wuraren da ba a shiga. Wannan shi ne zaluncin da ake kuka da shi? Mutum ya zuba kuɗin da zai sayi gida a Kano a jikin mota, amma kuɗin takardar da bai kai na taya ɗaya ba shi ne ya zama danniya?

Sun ce, "Raina ne, in na ga dama in kashe kaina." Wannan ita ce ta fi ba ni haushi, don ba gaskiya ba ce. Ba wanda yake mutuwa shi kaɗai a daji. A Disamban 1998 wasu matasa biyu 'yan ƙasar Ostiriya suka kafe da motar haya a Halligan Bay, a bakin wannan tafki na Kati Thanda da ake rigima a kai. Cikin tsananin zafi matar ta kama hanya da ƙafa za ta nemo taimako, ta mutu a hanya. Namijin da ya zauna wajen mota ya rayu. Da ɗan sanda ya zo, iskar tayoyin ya sassauta, ya ɗan haƙa, mota ta fito. Abin da abokina ya ƙi yi don girman kai, rashin saninsa ne ya ci ran wata. A Nuwamban 2021 wani magidanci da matarsa da ƙananan 'ya'yansu biyu suka kafe a gefen Simpson bayan ruwan sama. Suka danna na'urar neman agaji, jirgi ya zo ya jefa musu ruwa da waya, bayan kwanaki aka ɗauke su da jirgi mai saukar ungulu. A Yulin 2025 wata matashiya Bajamushiya ta bar motarta da ta maƙale a dajin Ostireliya ta Yamma, ta yi kwana goma sha ɗaya ana nemanta kafin Allah ya yi da sauran shan ruwanta.

Duk lokacin da irin haka ta faru, wa yake tashi? Ɗan sandan ƙauye, da makiyayin da zai bar aikinsa, da 'yan sa-kai, da matuƙin jirgi, da likitocin nan masu yawo a jirgi da aka kafa tun 1928. Kowannensu yana da iyali. Shi ya sa ake rufe Simpson daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris kowace shekara. A Oodnadatta, garin da yake bakin hamadar, an taɓa auna zafi digiri 50.7 a Janairun 1960. Amma duk shekara sai ka ji wani yana cewa gwamnati ta mayar da su yara. Ɗan'uwa, in ranka naka ne, ran wanda zai fito nemanka fa, na wa ne?

A nan ne nake tuna gida, kuma dole in faɗa. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya yi shekaru yana tuƙi tsakanin Agadas da Dirku. Irin motocin nan ne dai, Toyota ce a can, Toyota ce a nan. Ban taɓa jin ya ce ya fi ƙarfin Tenere ba. Abin da yake ce mini shi ne, "Ɗan nan, hamada ba a yi mata gadara. Ka tambayi masu ita, ka gaida rijiya, ka bar ta yadda ka same ta." Shi ya fara ba ni labarin bishiyar Tenere, wadda take tsaye ita kaɗai a tafiyar ɗaruruwan kilomita, ayarin gishirin Bilma suka yi ta wucewa ta gefenta zamani bayan zamani ba wanda ya karya mata reshe, sai a 1973 wani direban babbar mota ya zo ya banke ta. Duk faɗin hamada, bishiya ɗaya tak, ita ya samu. Gangar jikinta tana gidan tarihi a Yamai. Duk lokacin da na ga sawun taya a kan farin gishiri, direban nan nake tunawa.

Kuma ba zan manta Oktoban 2013 ba, da aka tsinci gawa 92 a arewacin Arlit kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara daga yankin Kance. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta gama da su. Allah ya jiƙansu. Su yunwa ce ta shigar da su hamada. Ba su da maɓallin da za su danna jirgi ya taso. Mu a nan nishaɗi ne yake kai mu, da firji a bayan mota, da na'urar da ba ta fi girman waya ba wadda in ka danna ofishin ceto a Canberra zai ga inda kake. Wanda aka yi wa wannan gata, aka ce abin da ake nema a wajensa kawai ya tsaya a kan hanya, ya kwashe shararsa, ya girmama masu wuri, in ya ce an zalunce shi, ni kam kunya nake ji a madadinsa.

Yanzu bari in yi adalci, don na san za a ce na yi kuɗin goro.

Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Yawancin waɗanda nake gyara wa mota mutanen kirki ne. Akwai ƙungiyoyin sa-kai na masu irin motocin nan da suke kashe kuɗinsu da hutunsu suna gyara rijiyoyin burtalin Canning, suna gina bayan gida, suna kwashe sharar da wasu suka zubar. Dattijon da muka yi tafiya da shi, buhu guda ya cika da gwangwanayen da ba shi ya sha ba. Kuma ƙananan garuruwa irin su Birdsville da William Creek da Oodnadatta, da masu yawon nan suke rayuwa. Har garin 'yan asali na Kunawarritji da yake rijiya ta 33 yana sayar wa matafiya mai. In aka rufe ko'ina, su ne za su fara ji a jikinsu. Na yarda neman takardun izini yana da ciwon kai, wannan ofis daban, wancan daban, ya kamata a sauƙaƙa. Na kuma yarda hukuma tana iya fakewa da guzuma ta harbi karsana, ta rufe wuri don ba ta son kashe kuɗin kula da shi. In aka ga haka a yi magana, ni ma zan sa hannu.

Amma ku tambayi kanku, me yake jawo rufewar tun farko? Ku je kowane masauki a kan hanyar Simpson ku zaga bayan tudu da safe. Takardar bayan gida ce take kaɗawa a jikin ciyawa kamar tutar 'yan siyasa. An hana saran itace a gandun, amma ga kututture sabon sara. Ga sawun taya ya bar hanya ya bi ta kan ciyawar da take riƙe da tudun. Ba Arabana ba ne suke rufe muku daji, ba Martu ba ne. Irin abokina ne suke rufe shi, da irina da muke gani mu yi shiru. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, sai dai a wannan karon har da na kusa da shi ake jiƙewa.

Kuma ina so in yi magana da 'yan'uwana matasa da suke nan ƙasar, don na ga mun fara sayen motocin, mun fara fita, abin ya yi mini daɗi. Amma don Allah kada mu koyi mugun halin tare da tuƙin. Mu da muka san zafin a zo a ce gonar kakanka "fili ne kawai", a kafa mata siminti, bai kamata a ji kalmar "ba kowa" a bakinmu ba. In za ka shiga, ka tafi da sanyi, daga Mayu zuwa Satumba. Kada ka tafi da mota ɗaya in karon farko ne. Ka yanki takardarka. Ka ɗauki ruwan da ya fi lissafinka da na kwana uku ko huɗu. Ka sayi na'urar neman agaji ka yi mata rajista, rajistar kyauta ce. Ka gaya wa wani ranar da za ka fito, da abin da zai yi in bai ji ka ba. Ka sassauta tayarka. In mota ta mutu, ka zauna a wajenta, don daga sama ana ganin mota, ba a ganin mutum. In ka ga allo an ce kada a shiga, ba sai an yi maka bayanin dalili ba. Kai ma akwai ɗakin da baƙo ba ya shiga a gidanku. In kuma ka ga dutse ko wani abin da hannun mutum ya taɓa, ka kalla, ka bar shi inda yake.

Ranar Asabar da ya zo gareji, na bar shi ya gama bayanin takardar ƙorafinsa. Sannan na ce masa ba zan sa hannu ba, na kuma ce akwai bashin da yake kanmu ni da shi. Na ce ya ɗauko dutsen nan daga falonsa mu kai wa masu kula da gandun, su san yadda za su mayar da shi ga masu shi, ni zan raka shi, ni zan fara cewa ina wurin aka ɗauka na yi shiru. Ya kalle ni kamar bai taɓa ganina ba. Ya ce ashe ni ma na zama irin waɗancan. Ya ce in tuna ni zuwa na yi. Na ce masa ƙwarai, zuwa na yi, kai ma kakanka zuwa ya yi, bambancin kawai jirgina ya makara. Wadda ta lotsa dutsen nan ce kaɗai a cikinmu ba zuwa ta yi ba.

Ya shiga motarsa ya tafi, ko man da ya zo canzawa bai tsaya an canza ba. Na san wataƙila na rasa shi, har da abokansa da yake turo mini. Uwargida ta ce in dai na tabbata gaskiya na faɗa, abincinmu ba a hannunsa yake ba. Har yanzu bai kira ba. Na bar masa saƙo cewa tayina yana nan, kuma na ba shi zuwa ƙarshen wata. In bai zo ba zan je ni kaɗai in faɗi abin da na gani, don nawa laifin ba sai na jira shi ba.

Wanda yake da ja, bismillah, fili a buɗe yake, amma a yi da hujja ban da zagi. Waɗanda kuma za su fita kafin a rufe hanya, Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. Ku dawo da shararku, ku bar musu dutsensu.